Yaran mutane a hannuna: wata bakwai a Maradi

Tunda na taho nan ake ta tambayata a WhatsApp wai me nake yi ne takamaimai a Nijar, wasu sun ɗauka ƙauye ƙauye nake bi da lasifika ina wa'azi, wata ƙawata ma da muka yi waƙa a kwayar coci tare tun muna yara cewa ta yi "toh zuwa yanzu mutum nawa suka karɓi Yesu ta hannunki?" Na daɗe riƙe da wayar ban san me zan ce mata ba. Yau Asabar ba makaranta, an kawo wuta tun safe waya ta cika, bari in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta.

Ga wanda bai sanni ba, ni 'yar Wusasa ce a Zariya, Bahaushiya kuma Kirista, e akwai mu kuma ba yau muka fara ba, a tsohon cocin nan namu na ginin ƙasa da aka yi tun 1929 aka yi wa kakata baftisma. Bayan na gama bautar ƙasa na ɗan koyar da Ingilishi a wata makarantar kuɗi a Kaduna, sai a wani taron matasa aka yi sanarwa cewa wata makarantar ikilisiya a Maradi na neman wanda zai koyar da Ingilishi na shekara ɗaya, aikin sa kai ne, babu albashi, ɗaki ne kawai da abincin rana da ɗan kuɗin sabulu. Maganar ta tsaya min a rai, sati uku ina addu'a a kai. Mama kam da farko ta ce sam ba da ita ba. Ta tuna min da Janairun 2015 da aka ƙona coci-coci a Damagaram da Yamai har aka rasa rayuka goma, ta ce a Maradin ma ai an ƙona wani coci a 2019. Na ce Mama a Kaduna fa mun ga abin da ya fi haka kuma ba mu bar garin ba. Baba ne ya raba gardamar, ya ce a bar ta ta je, wanda yake tsaronta a nan shi ne a can.

Da farkon Oktoba ya kamata in fara aiki amma ambaliyar 2024 ta yi ɓarna sosai a Nijar, jihar Maradi na cikin inda abin ya fi muni, mutane da yawa a azuzuwan makarantu suka samu mafaka, sai gwamnati ta ɗaga komawa makaranta zuwa 28 ga wata. Na taso daga Zariya zuwa Katsina, na kwana, washegari Jibiya, Magama, aka duba takardu muka tsallaka Ɗan Isa, muka wuce ta Danja inda asibitin mishan ɗin nan yake da ya daɗe yana kula da masu ciwon kuturta, kafin azahar ina Maradi. Tafiyar ba ta kai ta Zariya zuwa Legas ko kusa ba, shi ya sa a raina na ce ai wannan ba wata ƙasar waje ba ce, Hausa ce zuwa Hausa, har wata unguwa ce da su mai suna Zariya.

Kwana biyu kawai na gane ni baƙuwa ce. Na je sayen tumatir mai tumatir ya ce min "dala ashirin", na miƙa masa abin da nake ganin ashirin ne, ya dube ni ya ce "ɗiyata ke daga Najeriya kika hito ko?" Shi ya zaunar da ni ya koya min, nan da dala ake lissafi, sefa biyar ita ce dala ɗaya, toh dala ashirin sefa ɗari ke nan, dala ɗari kuma sefa ɗari biyar, dubu ɗaya ita ce jika. Kullum sai ka ninka sau biyar a kanka kafin ka ciro kuɗi. Ya ɗauko tsabar kuɗin ɗaya bayan ɗaya yana ɗora min a tafin hannu yana faɗin sunansu kaman yadda ake koya wa yaro, mutane na jira bai damu ba. Har yau wajensa nake sayen kayan miya. Ga kuma harshe, a nan "f" ɗinmu ta zama "h", lahiya lau, tahi, hura, makaranta lakwal ce, malami mushe, littafin rubutu kaye, biro bik. In ka ce Turanci ma sai ka fayyace wanne, don wasu Faransanci suke nufi da shi. Ni yara Madam Angale suke kirana.

Ranata da kiran sallar asuba take farawa, akwai masallaci a bayan katangarmu, ladanin tsoho ne mai sanyin murya, ba na buƙatar saita ƙararrawa. Yana gamawa na tashi, in wanke fuska in shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa inda ɗan iska ke shigowa, in karanta Littafi Mai Tsarki, sannan in ɗauko rajistar aji. Wannan rajistar ita ce littafin addu'ata na biyu. Yara 57 ne a aji ɗaya, 49 a ɗayan, kullum ina ɗaukar sunaye goma in kira su ɗaya ɗaya a gaban Allah, wannan babansa ba lafiya, wannan kullum tana barci a aji don ita ke tallar awara da dare, wannan yana da kai amma tsoron buɗe baki yake. A haka na haddace sunayensu gaba ɗaya kafin Kirsimeti. Su ba su san ina yi ba, kuma ba sai sun sani ba.

Ƙarfe bakwai da kwata mu malamai Kirista muna haɗuwa a ofishin direkta mu yi addu'a minti goma, abokan aikinmu Musulmi, don akwai su kusan rabi, suna waje suna haɗa shayi, in mun fito a miƙo mana namu. Sai a buga ƙarfe, wani tsohon gwangwanin ƙafar mota ne aka rataye a bishiyar dogon yaro, yara su yi layi a ɗaga tuta a rera taken ƙasa, sabon da aka canza a 2023, sai aji.

Tsarin karatun nan irin na Faransa ne, firamare shekara shida, daga nan kwaleji shekara huɗu, kuma lissafin ajin baya baya yake tafiya, aji na shida shi ne na farko, sai na biyar, na huɗu, na uku shi ne na ƙarshe inda ake rubuta BEPC, jarabawar gama kwaleji. Maki kuma a kan ashirin ake bayarwa ba ɗari ba, wanda ya samu goma ya tsira. A aji na shida ake fara Ingilishi, toh ni nan aka ba ni, na shida da na biyar. Ku duba nauyin da ke kan yaron nan fa, a gida Hausa yake yi, wani ma Fulatanci ko Buzanci, da yamma yana makarantar allo da Larabci, da safe lissafi da tarihi da komai da Faransanci, ga ni kuma na zo masa da na huɗu ko na biyar. Faransancina bai taka kara ya karya ba lokacin da na zo, sai na roƙi direkta ya bar ni in riƙa yin bayani da Hausa in abu ya cije. Ya yi jim ya ce a ƙa'ida ba haka ake yi ba amma in gwada mu gani. Ranar da na fara cewa "yara ku saurara, wannan kalmar kaman a ce jiya ne, abin ya riga ya wuce" sai na ga fuskoki sun buɗe, hannaye sun tashi, har na bayan aji da na ɗauka ba sa ji. Ashe ba daƙiƙai ba ne, an daɗe ne ana yi musu magana ta bayan labule. Da aka fitar da sabon kundin mulki a ƙarshen Maris na 2025 aka ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi na aiki, washegari wani yaro ya ɗaga hannu ya ce "Madam toh yanzu da Hausa za mu yi jarabawa?" Na ce masa tukuna dai, amma a raina na ce ina ma.

Kuma suna son Ingilishin sosai, don Maradi gari ne na 'yan kasuwa, iyayensu kullum suna hanyar Kano, Kantin Kwari, Dawanau, wasu har Dubai da Chana, yaro ya san in ya iya zai yi wa babansa amfani. Littafi ne matsalar, ɗaya ne yara huɗu ke rabawa, don haka kusan komai a allo nake rubutawa su kwafa, kafin a tashi hannuna da zanina duk sun yi fari da alli, muryata ta dishe.

Yanzu bari in zo kan tambayar ƙawata, don ita ce ta sa na zauna rubutun nan.

Yawancin yaranmu Musulmi ne, a ajina na 57 ɗin nan Kirista shida ne. Haka ƙasar take, Kirista 'yan kaɗan ne ƙwarai. Iyayen nan sun san sarai makarantar ta coci ce, ga gicciye a jikin ƙofa, amma suna kawo 'ya'yansu suna biyan kuɗi don sun ga malamai na zuwa aji kuma ba a yajin aiki. Sati na uku da fara aiki wani Alhaji ya zo a kan babur, dattijo mai furfura a gemu, ya ce yana son ganin sabuwar Madam ta Najeriya. Muka gaisa a ƙarƙashin dogon yaro, ya tambayi mutanen gida, ya tambayi hanya, ya tambayi baƙunta, sai da aka gama duk wannan sannan ya ce "Madam, ɗiyata tana ajinki. Na san ke Kirista ce, ni kuma kin ga yadda nike. Karatu na kawo ta. Amana ce na ba ki." Bai ƙara komai ba, ya tada babur ya tafi.

Kalmar nan ta bi ni har ɗaki. Don gaskiya in faɗa muku, na zo da wani tunani a raina, na cewa ai aji dama ce, in ana koyar da karatu sai in zaɓo labarin da zai kai su inda nake so, in ana koyon waƙa in sako ta coci, a hankali a hankali ba wanda zai lura. Na san akwai masu ganin hakan dabara ce mai kyau. Amma da mutumin nan ya ce amana sai na ga abin tsirara, wato in karɓi 'yar mutum da sunan Ingilishi in riƙa yi mata wani abu a bayan idonsa wanda ba zan iya yi a gabansa ba. In malamin ƙanwata a Zariya ya yi mata haka ya zan ji? Kuma wane irin Yesu ne zan nuna wa yarinya ta hanyar ha'intar ubanta? Shi da ya ce a fili ya yi wa duniya magana, bai faɗi komai a ɓoye ba. A daren na yanke wa kaina doka, duk abin da ba zan iya faɗa ba in Alhaji na zaune a bayan aji, toh ba zan faɗe shi ba.

Ba a daɗe ba aka gwada ni. Ana hutun ƙarfe goma ina zaune ina gyaran takardu sai ga yarinyar, shekararta goma sha biyu, siririya mai farin hijabi da tawada ta ɓata gefensa, tana cin ƙosai a takarda. Ta tsaya tana kallon ɗan gicciyen da ke wuyana ta ce "Madam, wai da gaske ku kuna cewa an kashe Annabi Isa?" Gabana ya faɗi. Ban so in yi mata ƙarya, ban so in kore ta kaman ta yi laifi, ban kuma so in ci amanar da aka ba ni. Na ce mata e, mu Kirista mun gaskata an gicciye shi ya mutu saboda mu ya kuma tashi a rana ta uku, shi ya sa nake sa wannan, ku kuma a Musulunci an koya muku ba a kashe shi ba Allah ya ɗauke shi, nan ne muka bambanta, in kin koma gida ki tambayi Baba ya yi miki bayani sosai. Ta ce toh, ta miƙo min ƙosai ɗaya ta ruga wajen ƙawayenta.

Da aka tashi na jira Alhaji a bakin ƙofa na faɗa masa duk yadda muka yi, kalma da kalma. Ya yi shiru yana kallon ƙasa har na fara tunanin gobe zai cire ta. Sai ya ce "kin faɗa mata naku, kin faɗa mata namu, kin turo ta gare ni. Madalla." Bayan kwana biyu yarinyar ta zo min da kilishi a ƙunshe cikin takarda wai in ji Baba.

Toh ƙawata, amsarki ke nan, ban da lissafin da zan ba ki. Ba na ɓoye ko ni wace ce, duk wanda ya tambaye ni ina faɗa masa abin da na gaskata ba tare da na rage komai ba, manya da dama sun tambaya kuma mun yi hira mai tsawo, musamman malamin lissafi da muke zama benci ɗaya. Ina so ƙwarai kowa ya san Almasihu yadda na san shi, wannan ba zan musa ba. Amma ajin nan ba tarko ba ne. Abin da aka kira ni in yi a cikinsa shi ne in shiga a kan lokaci, in shirya darasi kaman wa Ubangiji nake yi, in gyara kaye 106 da jan bik ba tare da na tsallake na kowa ba, in ba ɗan fasto 7 in 7 ya samu, in ba ɗan liman 18 in 18 ya samu. Na kuma daina dukan yara, abin da a Kaduna nake yi ba tare da tunani ba, a nan na ajiye bulala don na ga ba zan iya kiran sunan yaro a gaban Allah da asuba in zane shi da hantsi ba. Ajin ya fi wuyar riƙewa haka, ba zan ɓoye ba, akwai ranakun da nake fitowa kaina na sarawa.

Bana, 2025, wani abu ya faru mai daɗi, azuminmu da nasu suka haɗu. Ramadan ya kama a farkon Maris, mu kuma Larabar Toka ta faɗo 5 ga Maris, toh kusan wata guda gari na azumi ni ma ina nawa. Yaran da suka fara girma suna yi, zuwa ƙarfe sha ɗaya sai ka ga leɓe ya bushe kai ya kwanta a tebur, sai na mayar da duk abu mai wuya zuwa awar farko, daga baya mu yi ta hira da wasan kalmomi. Na daina shan ruwa a gabansu. Da suka gane ni ma ina azumi mamaki ya kama su, "Madam ku ma kuna yi?" Na ce muna yi, namu kwana 40 ne kafin Ista, sai dai tsarinsa daban. Maƙwabciyata, wata Hajiya mai 'ya'ya bakwai, tun daga ranar da ta ji ba ta fasa aiko min da kunu da ƙosai ba in an sha ruwa, ranar sallah kuma ta aiko da tuwo da miyar kaza har da ɗan turmin atamfa. Ranar Ista, 20 ga Afrilu, ni ma na tashi tun duhu na dafa shinkafa da kaji, na ba Baba maigadi ya yanka don kowa ya ci hankali kwance, yara suka rarraba gida gida. Da yamma Hajiya ta leƙo ta katanga ta ce "ɗiyata barka da sallah."

Cocin da nake zuwa ƙarami ne, na EERN, ikilisiyar da ta fito daga aikin ƙungiyar 'yan mishan ta SIM, waɗanda suka buɗe asibitin Galmi a 1950. Ana yin sujada da Hausa a fassara da Faransanci, 'yan zumuntar mata da anko suna buga tulu da caki, in na rufe ido sai in ji kaman ina gida. Amma akwai bambanci. A nan kowa ya san kowa, in ba ka zo ba ranar Lahadi kafin la'asar wani ya ƙwanƙwasa ƙofarka. Akwai waɗanda danginsu suka juya musu baya shekaru da yawa, akwai wata tsohuwa da ta ce min ita kaɗai ce Kirista a ƙauyensu kuma ita ake kira in haihuwa ta zo da gardama. Ba su da yawan surutu a kan bangaskiyarsu irin namu na Najeriya, ba fosta ba lasifika, amma in sun yi addu'a za ka san da wanda suke magana.

Wahala kam akwai ta. Zafin Afrilu da Mayu a nan sai wanda ya gani, rana na haura 42, ajin kwano ne ba silin, in aka ɗauke wuta da dare sai dai a fito tsakar gida a jiƙa zani a lulluɓa. Kuɗin da matasan cocinmu ke haɗa min duk wata da naira yake zuwa, in na kai wa 'yan canji sai ya narke, don jika ɗaya a 2025 ta haura naira 2,000, akwai watan da sati na ƙarshe gari da ƙuli ne da kwaɗon zogale. A watan Nuwamba zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ni kwana biyar, a daren na uku na yi kuka sosai ina kiran Mama a raina, ina tambayar Allah ko ni na aiko kaina. Matar direkta ce ta kwana a ɗakina tana shafa min ruwa, Hajiya ta dama kunun tsamiya, Baba maigadi kuma kullum da safe sai ya tsaya a bakin taga ya ce "Madam ya jiki? Allah shi ƙara sauƙi." Kewar gida ta fi tsanani ranar Lahadi da yamma, lokacin da na san duk suna tsakar gida a Wusasa ana hira.

Akwai kuma abin da ba ya barin raina. A bayan makarantarmu akwai wata rumfar zana da ƙananan yara ke zama a ciki kafin a gama ginin ajinsu. A garin nan ne a Nuwamban 2021 gobara ta kama irin waɗannan azuzuwan na zana a wata makaranta, yara sama da 20 suka rasu, 'yan shekara biyar da shida. Duk wanda ka taɓa wa maganar a Maradi sai ya yi shiru tukuna. Wata malamarmu ɗan yayarta na ciki. Shi ya sa kullum kafin in shiga ajina sai na zagaya ta wajen rumfar in tabbatar durom ɗin ruwan nan a cike yake kuma mai tuyar ƙosai ba ta matso da murhunta kusa ba, ba wanda ya sa ni, ƙafata ce kawai take kai ni. An kusa gama ginin, saura rufi, muna ta addu'a a samu kuɗin kwano kafin damina.

Wata Asabar direkta ya kai ni ƙauyensu ta hanyar Tibiri, na ga gonaki cike da itatuwa, gawo da kalgo da sauransu a tsakiyar inda ake shuka gero. Ya ce da can nan fili ne fetal iska na kwashe ƙasa. A farkon shekarun 1980 wani ɗan mishan daga Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya yi ta dasa itatuwa a yankin nan suna mutuwa, sai daga baya ya lura ashe kututturan da ake sarewa duk shekara suna da rai a ƙarƙashin ƙasa, abin da ake buƙata kawai a bar reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi a sassabe sauran a kuma kare su. Manoma suka karɓa suka yaɗa a tsakaninsu, yau ana maganar miliyoyin itatuwa a Nijar. Na tsaya a inuwar wani gawo ina kallon yadda ya yi kauri, direkta ya ce babansa ne ya bar shi tun yana tsiro kaman yatsa, kuma manoman da ke hutawa a ƙarƙashinsa yanzu yawancinsu ba su ma san sunan Baturen ba. Na yi ta tunanin wannan a mota har muka dawo.

Yanzu saura 'yan makonni a yi jarabawar ƙarshen shekara. Yarinyar da ke barci a aji ta tashi daga 6 zuwa 11, na je gidansu na roƙi mamanta a rage mata tallar dare ranakun makaranta, ta yarda da kwana uku a sati. Yaron da ke tsoron buɗe baki ranar Talata ya tsaya gaban aji ya faɗi sunansa da na unguwarsu da abin da yake so ya zama da Ingilishi, jimla biyar, muryarsa na rawa, da ya gama ajin gaba ɗaya suka tafa masa ba tare da na ce su yi ba.

Yarjejeniyata a ƙarshen Yuni take ƙarewa. Makarantar da na bari a Kaduna sun ce in dawo, Mama ma ta fara lissafin kwanaki. Jiya da aka tashi Alhaji ya tsayar da babur ɗinsa a gabana, yarinyar na baya riƙe da jakarta, ya ce "Madam, ƙanenta zai shigo aji na shida in an koma. Kina nan ko?" Na ce masa Alhaji ina addu'a a kai, kuma sai na yi shawara da iyayena. Ya ce haka ya kamata, a gaida su.

Ku taya ni da addu'a a kan wannan, da kuma maganar kwanon rufin nan. Bari in tashi, kaye 49 na jirana a kan tabarma kuma ina so in gama su kafin a ɗauke wuta.